Shatin Yatsu Biyar a Tebur na Uku

Ni ba neman aiki ya kai ni Dubai ba, wankan jego ne. Matar ɗana ta haihu, uwarta kuma ta riga mu gidan gaskiya, sai ya aiko mini da takardu. Na ƙulle gero da kanwa da daddawa a cikin tsohon zane na hau jirgi. A shekarar ne jirgin ƙasan nan nasu marar direba ya fara aiki, don na tuna an shigar da ni, na yi ta leƙen gaba ina neman mai tuƙi har muka sauka.

Ɗan nawa ɗan fari ne, ba na kama sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Suna zaune a Hor Al Anz, fulat ɗaya da wasu iyalai biyu, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Da aka yi arba'in mai jego ta koma shagon da take aiki. Da rana ina goyo, da yamma ta dawo ta karɓi ɗanta, ni kuma in zauna ina kallon bango. Mace irina da ta saba tashi tun asuba da taɓarya a hannu, zaman nan ya fi mini ciwo nauyi.

Ɗan nawa yana aikin gyara a wani ƙaramin otal a Deira. Lantarki, famfo, na'urar sanyi, duk abin da ya lalace shi ake kira. A ƙasan otal ɗin akwai mashaya, domin a garin nan sai a otal ake sayar da giya. Kullum zai tafi aikin dare nakan zuba masa farfesu da ɗan gasasshen nama a kula. Wata rana manajan mashayar, wani siririn Ba'indiye mai gashin baki, ya ɗanɗana. Aka ce ya yi tari, ya share hawaye, ya sake miƙa hannu. Bayan mako biyu ya aiko a tambaye ni ko zan yi musu girki, otal ya yi mini bizar zama.

Kafin in amsa sai da na kwana biyu ina juya abin, ga dalili. Uwata mai dafa burkutu ce, ba na ɓoye wannan ga kowa. A ƙauyenmu, kudu da Kano, ranar kasuwa rumfarta ta fi ta kowa cika, kuma ba giyar kaɗai ke kawo mutane ba, har da farfesunta. Ni nake daka mata yaji tun ban kai tsawon taɓarya ba. Na san mashaya ciki da bai: mai kuka, mai waƙa, mai neman faɗa, da mai barci a kan benci. Da bishara ta shigo gidanmu aka yi mini baftisma, ina da goyon wannan ɗan nawa, sai na ɗauki alkawari tsakanina da Ubangiji cewa ƙafata ba za ta ƙara taka inda ake sha ba. Shekara talatin da ɗoriya ban karya ba, ko a biki.

Saboda haka na ce a faɗa wa manaja zan dafa, amma ba zan ƙetare ƙofar kicin ba. Da ɗana ya fassara masa sai ya yi dariya, ya ce ai dama masu kicin ba sa shiga cikin baƙi. Muka shirya a kan haka.

Duniyata a wurin nan taga ce, wadda ake miƙa faranti ta cikinta. Ta nan nake ganin komai. Teburan sinuka huɗu a jere, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda, kowanne da fitila ta sauko kansa ƙasa-ƙasa, ƙyallensu kore shar kamar gonar shinkafa. Talabijin na nuna ƙwallo babu mai jin muryarsa, hayaƙin taba ya taru a sama, sai ƙarar ƙwallayen nan ƙwas, ƙwas, har ƙarfe uku na dare. Kafin zuwana abincinsu soyayyen dankali ne da fukafukan kaza da burodi mai nama a tsakiya. Ni na kawo gashin rago. In yanka shi fale-fale, in shafe shi da man gyaɗa da garin ƙuli, in gasa, in barbaɗe shi da jan yajina, in zuba a takarda da albasa. Manaja yakan sa a ɗora cokali mai yatsu a gefe. Mutanenmu su ɗauke cokalin su ajiye shi can da ladabi, su sa hannu.

Kafin shekara ta zagayo tebur na uku ya zama namu. 'Yan Najeriya masu gadi da masu gyara in sun tashi aiki, da 'yan Nijar masu lodin kwantena, nan suke haɗuwa. Babbansu wani Alhaji ne Badamagare, mai fataucin tayoyi, dogo, mai furfura a gemu. Ba ya shan komai sai lemo. Sinuka da nama ke kawo shi, kuma duk inda ya sa ƙafa mutum shida ko bakwai na bayansa. Kullum ya shigo sai ya fara zuwa tagata da mutanensa, tun da ya ji ni Bakanuwa ce, don tsakaninmu da Damagarawa akwai wasa.

"Bakanuwa, an kwana lafiya a rami? Yau ma awon naman za ki yi mana da allura?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ai ku da kuka saba da fara, ko ƙashi aka ba ku kun gode."

"Bon, zubo na mutum takwas. Ki sa yaji kamar ba da kuɗinki kika saya ba."

Haka muke har aka shiga shekara ta biyu. Sannan tabo ya fara fitowa a tebur na uku.

Ƙyallen sinuka ba a wanke shi. Ni ban san haka ba sai a bakin ɗana. In mai ya shige shi, ya shige ke nan, ƙura ta manne a wurin, ƙwallo in ta zo sai ta rage gudu ko ta kauce. Daga wata ƙasa ake yo odarsa, kuma ɗana ne ke sauya shi: ya kwance katakan gefe, ya cire ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya ja sabon ya miƙe kamar fatar ganga. Yini guda yake yi a kai, ya dawo gida yatsunsa sun kumbura. Ya sauya na farko. Ba a yi wata huɗu ba na biyun ma ya yi dabbare-dabbare da ja. Har Alhaji da kansa ya zo taga yana faɗa.

"Wasu ƙazaman yara ne ke ɓata mana tebur. Wallahi in na kama mutum sai ya sayi ƙyallen nan."

Wata Laraba da yamma, kafin a buɗe, manaja ya shigo kicin da ɗana a bayansa. Ya nuna mini hoton tebur a wayarsa, ya nuna kwanon yajina. Ya yi magana mai tsawo, ɗana ya sunkuyar da kai yana fassarawa. Manaja ya ce shi ba ya ƙin namana, yana kawo mutane. Amma mai otal ya gaji. An yo odar ƙyalle na uku, ranar Asabar za a shimfiɗa. In aka ga tabo ko ɗaya a kansa, an daina gashi.

"Khalas, Mama," in ji manaja, ya haɗa tafukansa ya raba. Wannan ba sai an fassara mini ba.

Bizata saura wata biyu a sabunta ta. In babu gashi babu aikina, in babu aiki babu biza, sai gida. Ba tsoron gida nake ba, ina da ɗakina da gonata. Amma jikana a lokacin ya fara tafiya, in na dawo da asuba na kwanta, shi ke zuwa ya buɗe mini ido da yatsa. Kuma, in faɗi gaskiya, ban so a ce an sallame ni don abincina ya yi ɓarna ba. Tun da nake girki ba a taɓa dawo mini da kwano ba.

A daren nan na gwada abin da manaja ya ba da shawara. Na rage mai, na rage yaji. Ba a yi minti goma ba faranti ya dawo ta taga, Alhaji na biye da shi.

"Bakanuwa, rowar ta kai ga mai? Wannan nama ne ko takalmi?"

Na karɓi farantin. Karo na farko ke nan a rayuwata, kuma a gaban mutane.

Da aka tashi ƙarfe uku, aka kwashe kwalabe aka kulle kanta, na ce wa ɗana ya kai ni in ga teburin da idona. Ya ce, "Inna, alkawarinki fa?" Na ce inda ake sha na ce, yanzu kuwa ba mai sha. Ya kunna fitilar tebur na uku.

Ni ban yi makaranta ba, amma na yi shekaru ina duba sawun akuya a bakin rumbu don in san ta wane gida ce. Na zagaya teburin a hankali. Tabon ba ɗigo ba ne, ba kuma zubewa ba ce. Shatin yatsu ne, a buɗe, kamar mutum ya dafa ƙasa zai tashi. Wani ya hau kan wani, amma a kusa da gefe na sami ɗaya da ya fito sarai, yatsu huɗu da babban yatsa. Na ɗora hannuna na hagu a kai, bai zauna ba. Na ɗora na dama, ya zauna daidai, sai dai ya fi nawa tsawo. Na nemi wani, na dama. Na sake neman wani, na dama.

Na ce, "Kai, ɗauki sandar nan ka nuna mini yadda ake buga abin."

Ya ɗauka yana murmushi, ya sunkuya, ya shimfiɗa hannu a kan ƙyalle, ya ɗora bakin sanda a kai.

"Tsaya haka. Wane hannu ne a ƙasa?"

"Na hagu."

"Kowa haka yake yi?"

"Kowa mana. Dama ce ke riƙe gindin sanda."

"To da wane hannu kake cin tuwo?"

Ya ɗago ya dube ni. Na ce masa duk ɗan da uwa Bahaushiya ta haifa, ko a coci yake ko a masallaci, da dama yake ci. Hannun da mutanenmu ke sa wa a nama ba shi ke taɓa ƙyalle ba. Shi ya sa mutum goma za su ci su yi wasa tebur bai san an yi ba. Wannan shatin na mutum ɗaya ne, wanda yake ci da dama kamar kowa, amma yake riƙe sanda da hagu. Na ce gobe zan nemo bahagon.

Ban sha wahalar nema ba. Washegari na tsaya a taga ina juya nama ina kallo. Na ga Alhaji ya gaisa da dama, ya karɓi lemo da dama, ya ci namansa da dama har ya suɗe yatsu. Ya yagi tishu ya murza sau ɗaya ya jefar, alhali duk mai girki ta san tishu ba ya fitar da man ƙuli. Ya miƙe, ya ɗauki sanda da hagu, ya goga mata alli, ya sunkuya ya shimfiɗa dogayen yatsun nan na dama a kan kore. Kusan shekara biyu ina kallonsa ban taɓa lura ba. Shi ma na tabbata bai taɓa lura ba.

A hanyar gida muka yi ta da ɗana. Zafin garin ko da asuba kamar an rufa maka bargo jiƙaƙƙe, muna tafe a ƙafa daga inda motar otal ta ajiye mu.

"Inna, shi ke nan ai. Gobe in gaya wa manaja, ya san ba laifinki ba ne."

"Sai ya yi me?"

"Sai ya yi wa Alhaji magana."

"A gaban wa? Mutumin da ba ya zuwa ko banɗaki sai da 'yan rakiya? Ba'indiyen nan zai je ya tsaya a kansa ya ce hannunka ne ke ɓata mana tebur, alhali Alhajin ne ya rantse zai kama ƙazami. Kana ganin zai sake tako wurin?"

"To ya daina zuwa mana. Ke ce za a kora, ba shi ba."

"In ya tafi da mutanensa, wa zan gasa wa? Kai da manajan?"

Na ce masa ko ba don wannan ba, mutumin da ya ci abincina ya yaba, ba zan tona masa asiri a kan abincin ba. Babba ba a ce masa hannunka da datti. Ya ce to ni na sani, amma jibi ne Asabar.

Da na kwanta sai uwata ta faɗo mini a rai. A rumfarta akwai wani tsoho mai jima, hannunsa kullum da warin fata, ga shi kowa a kwano ɗaya yake tsoma hannu. Ba ta taɓa ce masa uffan ba. Sai ta kafa doka: duk wanda zai ci farfesunta, sarki ne ko talaka, sai na bi shi da ƙwarya da ruwan toka ya wanke hannu, in ya gama ma haka. Mutane suka ɗauka karramawa ce. Har tsohon ya mutu bai san dominsa aka yi ba.

Ranar Juma'a bayan an taso daga sujada, don a can ran Juma'a muke zuwa coci, na shiga wani shagon 'yan Pakistan a unguwarmu na sayi buta, da roba mai faɗi, da sabulu, da ƙananan tawul guda shida. Ranar Asabar ɗana ya yini yana shimfiɗa sabon ƙyalle. Da dare na ɗumama ruwa, na matse lemun tsami a ciki saboda maiƙo. Akwai wata 'yar Filifin cikin masu kai abinci, mai hankali, na nuna mata da hannu yadda za ta yi in sun gama ci. Ta gane.

Wajen sha ɗaya da rabi suka shigo. Na gasa naman yadda na saba, mai ya ji, yaji ya ji. Suka ci. Yarinyar ta ɗauki buta da roba ta nufe su, ina kallo ta taga. Suka dube ta, suka dubi butar, wani ya fashe da dariya ya ce ko alwala za a yi a mashaya. Alhaji ya ɗaga mata hannu da fara'a, "Mersi, mersi, habibti, bar shi." Ta juyo ta ajiye mini kayan a bakin taga ta ɗaga kafaɗa. Ba laifinta ba ne. Ƙattin maza ba sa miƙa hannu don yarinya ta ce su miƙa.

Na ga Alhaji ya yagi tishu. Na ga ya miƙe yana duban sabon ƙyalle yana gyaɗa kai, ya nufi inda ake jingine sanduna.

Daga tagar zuwa ƙofar kicin taku huɗu ne. Na ce a raina, Ubangiji, kai ka san abin da ya fitar da ni. Na saɓa tawul a kafaɗa, na ɗauki buta da roba, na tura ƙofar da ƙafa.

Warin wurin ne ya fara tarbata, irin na rumfar uwata sak, sai dai da sanyi. Ina sanye da hular kicin a kan ɗankwalina, da farar riga har gwiwa. Mutanen teburan da na wuce suka bi ni da kallo. Ban dubi kowa ba sai shi.

"Alhaji, jingine sandar nan. A garinmu ba a tashi daga kan akushi sai an wanke hannu, kuma da babba ake farawa. Ko a Damagaram lashewa kuke yi ku shafa a riga?"

Mutanensa suka kwashe da dariya. Shi ma ya buɗe baki.

"La ilaha! Jama'a, Bakanuwa ta fito daga rami! To nawa ne kuɗin ruwan? Ku yi hankali, Bakano ba ya zuba ruwa a banza."

"Na yau kyauta ne. Miƙo."

Ya jingine sandar, ya miƙo hannun dama yana ta zolaya. Na ba wani daga cikinsu robar ya riƙe, na ɗora masa sabulu, na tsiyaya ruwa. Robar fara ce. Ruwan da ya sauka cikinta ja ne, maiƙo na yawo a kai. Alhaji yana cikin magana sai ya tsaya. Ya dubi ruwan. Ya dubi hannunsa, ya buɗe yatsun. Ya juya ya dubi teburin, ya dubi sandar da ya jingine ta gefen hagunsa. Ni dai ina zuba ruwa, idona a kan buta.

Ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Ƙara sabulun, Mama."

Bai taɓa kirana Mama ba sai ran nan. Na ƙara. Ya wanke har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ya goge da tawul, sannan ya juya ga mutanensa da muryarsa ta kullum.

"Yalla, kowa ya miƙo hannu! Ku ne ƙazaman da ke ɓata mana tebur. Daga yau wanda bai wanke ba, ba ya taɓa sanda."

Ina kan mutum na huɗu sai ga manaja a guje, yana nuna ruwa yana nuna tebur, "La, la, Mama!" Tsoronsa kada ruwa ya fallatsa a ƙyalle. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ja shi gefe, suka yi magana da Larabcinsu na kasuwa. Ban san me ya ce masa ba. Na dai ga manaja ya dubi agogo, ya dubi ɗana da ke tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi, ya nuna wani ginshiƙi nesa da teburan, ya ce a can za a riƙa yi. Muka koma can na ƙarasa sauran.

Da aka kusa tashi Alhaji ya zo taga shi kaɗai, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya yana juya hularsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Na san me, Alhaji? Ni ruwa na kawo."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce yana yaro kakarsa takan ɗaure masa hannun hagu da tsumma a bayansa in za a ci tuwo, malaminsu kuma ya bi shi da bulala har ya koyi rubutu da dama. Ci, rubutu, gaisuwa, miƙa kuɗi, duk an mayar masa dama. Ya ce sandar nan ce kaɗai ya koya da girmansa, a inda ba mai dukansa, sai hannun ya koma inda Allah ya ajiye shi.

Na ce, "To a bar shi a can. Ɗayan ne dai za mu riƙa wankewa."

Ya ce, "Manaja ya sani?"

Na ce manaja ya san Hausawa na son wanke hannu.

Mako biyu manaja na zuwa da tocila bayan an tashi, yana haska tebur na uku kamar mai neman kunama. Bai sami komai ba. Wata Litinin ya leƙo kicin ya ce in kawo fasfo gobe, za a kai ni gwajin jini na sabunta biza. Bai ƙara tayar da maganar gashi ba, ni ma ban tayar ba. Ƙyallen nan sai da ya koɗe don kansa, ya yi fari a inda ake jera ƙwallaye, sannan aka sauya shi.

Na so in mayar wa yarinyar butar bayan sun saba, amma suka ƙi. Suka ce ruwan Mama suke so. Har waɗanda ba namu ba, 'yan Kamaru da wasu Turawa biyu masu zuwa ran Alhamis, suka riƙa bin layi a gindin ginshiƙi suna miƙo hannu biyu kamar yara. Saboda haka alkawarina dai na karya shi, ba sau ɗaya ba, kowane dare har shekara huɗu, sai da gwiwoyina suka ce sun gaji na dawo gida. Ban yi wa kaina ƙarya na ce ban karya ba. Na faɗa wa Mai shi dalilina tun a bakin ƙofa, kuma ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba.

Tsohon ƙyallen, na biyun, da ɗana ya cire zai zubar, na ce ya yanko mini gefen da shatin ya fito. Dama mutanen da ke ƙasanmu a fulat sun dame mu da ƙorafi in ina daka yaji. Na ninka shi huɗu na sa a ƙarƙashin turmi, ƙarar ta ragu, suka daina buga mana silin da sandar shara. Da zan taho na naɗo shi cikin kayana. Yana nan ƙarƙashin turmina har yau, ya yi baƙi, sai ka kai shi rana za ka ga yatsun.